Batirin da ke ruɓewa kamar ganye: akwai shi, ko labarin waya ne?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'a. Jiya da daddare yarona ya nuna min wani bidiyo, wai an ƙera batir da takarda, in ya gama aiki sai a binne shi ya ruɓe kamar ganyen darbejiya. Na ce masa kai dai ka cika yarda da abin waya. Ya rantse min a jami'a aka yi. Abin da ya sa maganar ta tsaya min a rai, da safen nan da nake gyara shago na zazzage aljihun tebur, matattun baturan tocila da na rimot da na agogon bango na ƙirga ashirin da bakwai. Duk a kwandon shara na juye su, yaron da ke kwashe mana ya kai bola. To masana, akwai batirin nan ko babu? In akwai, yaushe zai iso kasuwa?

Mai Sola:
Wa alaikumus salam. Alhaji kar ka sa rai. Shekara goma sha ɗaya ina harkar sola, babu shekarar da ba a turo min bidiyon sabon batirin da zai kashe kasuwar litiyam ba. Na gishiri, na yashi, na auduga, na ɓawon ayaba. Har yau abu biyu nake ɗaurawa a gidajen mutane, na dalma mai ruwa da na litiyam.

Autan Gida:
Oga kai dai ba a taɓa kawo sabon abu ka yaba ba. Lokacin da litiyam ɗin ya shigo ma ai cewa kuka yi ba zai jure zafin Kano ba.

Mai Sola:
Kuma ƙarya muka yi? Je ka tambayi waɗanda suka ajiye nasu a ƙarƙashin kwano ba silin.

Malamar Kimiyya:
Alhaji, yaronka bai yi ƙarya ba, akwai shi. Bari in kawo guda biyu da na sani sosai.

Na farko a Suwizalan aka yi, a wata cibiyar binciken kayan ƙira ta gwamnati mai suna Empa, a 2022. Takarda suka jiƙa da ruwan gishiri ta bushe. Suka shafa tawada mai garin tutiya a fuska ɗaya, a ɗaya fuskar kuma tawada mai garin girafayit, wato irin baƙin da ke cikin fensir. Muddin takardar a bushe take, batirin barci yake yi. Da ka ɗiga masa ɗigon ruwa biyu, gishirin ya narke, cikin daƙiƙa 20 sai ya farka ya ba da bolt 1.2. Batirin rimot ɗinka bolt 1.5 yake bayarwa, ka ga ba nisa. Da suka haɗa guda biyu sun tayar da ƙaramin agogon ƙararrawa mai fuskar lambobi. Amma bayan awa ɗaya takardar ta bushe, ƙarfin ya faɗi. Da aka ƙara ɗigo biyu ya ci gaba da rabin bolt na sama da awa guda.

Na biyu a Singafo ne, jami'ar Nanyang, ƙarshen 2021. Nasu mai faɗin santimita 4 da tsawon santimita 4 ya juya wata 'yar fanka na minti 45. Suka binne shi a ƙasar lambun da ke saman wani gini a jami'ar, bayan sati biyu ya fara tsattsagewa, cikin wata guda ya narke. Ina kyautata zaton irin wannan yaronka ya gani.

Mai Sola:
Awa ɗaya! Minti 45! Malama, Allah ya ƙara ilimi, ai kin gama yi min aikina. Mutumin da ke son firij ɗinsa ya kwana a kunne ya sayar da ƙanƙara da azumi, me zai yi da batirin awa ɗaya? Kuma a Suwizalan ne takardar ta yi awa ɗaya kafin ta bushe. A kawo ta Sakkwato a watan Afrilu mu gani.

Malamar Kimiyya:
Ban ce don firij aka yi shi ba, su ma ba su ce ba. Ba kowane batir ne na inbata ba. Akwai kayan da sau ɗaya ake amfani da su a yar: abin gwajin ciki mai nuna rubutu, 'yan na'urorin gwaji na asibiti, tambarin da ake liƙa wa kwalin magani ko na rigakafi don ya riƙa auna zafi a hanya, na'urar auna danshin ƙasa da ake bazawa a gona. A yanzu yawancinsu batiri mai kama da maɓalli ake sa musu, wanda yake da ƙarfin aikin watanni, a yi amfani da shi na minti biyar a jefar. Can ne batirin takarda yake da gurbi. A Faransa ma akwai kamfanin BeFC a garin Girenobul, nasu takarda ce da sukari da sinadaran da ke narkar da sukarin, don irin waɗannan ƙananan kayan.

Baba Mai Rediyo:
Yara, bari tsoho ya sa baki. Tun ana yayin rediyo mai band uku nake fasa batir. Wanda bai taɓa fasa Tiger Head ba bai san cikinsa ba. In ka ɓare kwalin waje za ka tarar da gwangwanin tutiya. Ka yanka shi, akwai takarda a naɗe ta ciki, da danshi-danshi. Bayan takardar sai baƙin gari mai laima, a tsakiya kuma sandar gawayi mai hular ƙarfe. Muna firamare wannan baƙin garin muke kwaɓawa da ɗanyen ganye mu goge allon aji duk ranar Juma'a, hannu ya yi baƙi ƙirin, da shi kuma za mu je mu ci tuwo. Allah ne dai ya tsare. To ni da Malama ta ce tutiya da gawayi da takarda da gishiri, sai na ga ai tsohon abokina ne aka tuɓe wa riga.

Malamar Kimiyya:
Baba, Allah ya ƙara girma, wallahi ka faɗi abin da littafi ya faɗa. Batirin farko da Alessandro Volta ya haɗa a Italiya a 1800, faifan tutiya ne da na jan ƙarfe, a tsakaninsu kwali ko ƙyalle da aka jiƙa da ruwan gishiri, a jera su bisa juna kamar waina. Takarda ta girmi litiyam a wannan sana'a nesa ba kusa ba, don sai 1991 Sony ya fara sayar da na litiyam. Baƙin garin da kuke goge allo da shi kuwa manganis ne da gawayi. Abin tsoron shi ne baturan wancan zamanin da yawa ana sa musu ɗan sinadarin makuri, wato zaiba mai guba, don kar tutiyar ta ci kanta da wuri.

Baba Mai Rediyo:
To ga shi dai na kai saba'in da ɗoriya.

Autan Gida:
Baba ai ku ƙarfen da ne.

Manomin Kura:
Ni inda maganar ta shafe ni daban ne. Alhaji ya ce an kai nasa bola. Alhaji, bolar nan gonakinmu take ƙarewa. Duk rani muna sayen takin bola daga cikin gari, tifa-tifa, a zube a gona kafin ruwa ya sauka. Kafin a baza sai an sa yara sun tsince leda da kwalba da tsumma. Leda ana ganinta. Batir kuwa ya yi tsatsa ya koma kalar ƙasa, sai fartanya ta sare shi ka ga baƙi ya fito. Bara a kunya ɗaya ta albasa na tsinci guda shida. In da gaske akwai wanda zai ruɓe ya zama taki, ni ko ya fi tsada kaɗan zan saya.

Malamar Kimiyya:
Malam, a nan sai an yi hattara da kalmar ruɓewa. Abin da ke ruɓewa shi ne abin da ƙwayoyin halittar ƙasa za su iya ci: takarda, sitaci, sukari. Tutiya da manganis ƙarafa ne, ba mai cinsu. Tsatsa suke yi su narke su shiga ƙasa. Sa'ar da aka yi, shuka tana bukatar kaɗan daga cikinsu, har akwai takin zamani da ake ƙara wa tutiya da gangan. Amma in ta yi yawa a wuri guda guba ce ga shukar. Batirin takarda guda ɗaya a gona ba komai ba ne. Tifa guda ta su a kadada ɗaya wata magana ce.

Sannan ruɓewa sai da danshi. A Singafo duk shekara ruwa ake yi, ƙasarsu ba ta cika bushewa ba. Ka jefar da kwalin sukari a fili a watan Disamba ka dawo a Maris, za ka same shi yadda ka bar shi, sai dai rana ta cinye rubutun.

Autan Gida:
Sai dai in gara ta riga damina zuwa.

Mai Sola:
Ka ga wata matsalar ma da ban tuna ba! Ka sari katon goma na batirin takarda ka jibge a sito, ka dawo ka tarar gara ta yi walima. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ɗan Makaranta:
Salam. Yanzu na fito daga aji na ga an yi nisa. Ina karatu a Suwidin, kuma a nan yankin maganar batirin itace ba wasa ake ɗaukarta ba, don dazuzzuka su ne arzikinsu. Amma akwai abu biyu da ake cakuɗawa a bidiyoyin nan. Batirin da aka yi daga tsiro daban, batirin da ke ruɓewa daban.

Itace abu biyu ne manya a cikinsa. Akwai zare, wanda ake yin takarda da shi. Akwai kuma wani abu kamar ƙaro da ke riƙe zaren ya sa itace ya yi tauri, ana ce masa liginin, shi ne kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na itacen. Masana'antun takarda cire shi suke yi, ya fita a wani baƙin ruwa, akasarinsa su ƙona shi su samu wutar tafiyar da injinansu. Wani babban kamfanin takarda na Finlan da Suwidin, Stora Enso, ya ce a maimakon a ƙona bari a gasa shi ya zama gawayi mai tauri da zai maye gurbin girafayit a cikin batir. Sun buɗe ƙaramar masana'antar gwaji a Sunila, kusa da garin Kotka a Finlan, a 2021, suka sa wa kayan suna Lignode. Abin da ke ingiza su ba tausayin gonar kowa ba ne. Kusan duk girafayit ɗin da ake sa wa batir a duniya a China ake sarrafa shi, sama da kashi 90 cikin ɗari, kuma a ƙarshen 2023 China ta sa sai da izini kafin a fitar da shi. Turai na neman nata.

To amma ku duba. Da zarar an gasa liginin a wutar da ta haura digiri 1,000, ya tashi daga itace ya koma gawayi. Gawayi kuwa ba ya ruɓewa. Duk wanda ya taɓa haƙa rami a tsohon kufai ya san ana tono gawayin murhun mutanen da ba wanda ya san sunansu. Kuma sauran kayan batirin suna nan yadda suke: litiyam, faifan jan ƙarfe, alminiyam, ruwan da ke kama wuta. Za a rubuta a kwali cewa daga itace aka yi, kuma gaskiya ne, amma in ka binne shi a gona ka binne batirin litiyam ne kawai.

Mai Sola:
Yauwa ƙanena, Allah ya yi albarka. Faɗa musu.

Ɗan Makaranta:
Tsaya Yaya, ban gama ba, sauran ba zai yi maka daɗi ba. A jami'ar Linshopin a nan Suwidin, a 2024, sun fitar da wani da ba a gasa liginin ɗin ba, shi kansa ne yake riƙe cajin, a ɗaya ɓangaren kuma tutiya, ruwan cikinsa ba mai kama wuta ba ne. Sun yi masa caji sun sauke sama da sau 8,000, yana riƙe da kusan kashi 80 na ƙarfinsa. Yawan wutar da yake ɗauka bai kai na litiyam ba, sun ce kusa yake da na dalma. Kuma da bakinsu suka ce ƙasashen da sola ta yi araha amma batir ya gagara suke hange, inda rana ke faɗuwa wajen ƙarfe shida kowa ya kunna fitila a lokaci guda. Wannan kasuwarka ce ake nufi. Sai dai wanda suka gwada ƙarami ne na ɗakin gwaji, kuma abin da suke tallatawa shi ne ba shi da dalma, ana iya sake sarrafa shi, ba wai a binne shi ba.

Mai Sola:
Sau 8,000? Na dalman da nake sayarwa, in mutum yana shanye shi kullum har ƙasa, da ƙyar ya ga shekara biyu. In sun yi mai girman da zan ɗaura wa inbata, ni zan fara layi. Amma daga ɗakin gwaji zuwa shagona tafiya ce mai nisa. Ina wannan ƙaton kamfanin batir na ƙasarku da aka yi ta yayatawa?

Ɗan Makaranta:
Northvolt. Su ne ma suka ƙulla yarjejeniya da Stora Enso a 2022 kan batirin itacen. Sun durƙushe a Maris na 2025, bayan an zuba musu biliyoyin daloli. Ba itacen ne ya kayar da su ba, yin batir da yawa mai inganci iri ɗaya a farashin da zai yi gogayya da na China ne ya gagare su.

Mai Sola:
To ka ji.

Maman Sadiƙ:
Ni fa tun ɗazu karatu kawai nake yi, amma akwai abin da ya ɗaure min kai. Yaya za a yi itace ya riƙe wuta? Mu dai mun san in wutar lantarki ta kama mutum da busasshiyar sanda ake ture shi, don ba ta bin itace.

Malamar Kimiyya:
Yaya, tambayarki ta fi ta kowa. Riƙe caji daban, barin wuta ta wuce daban. Kin taɓa tsayawa a marina, irin ta Ƙofar Mata? In marini ya tsamo zane daga karofi, ba shuɗi yake fitowa ba, wani kore-kore ne mai ruwan ɗorawa. Sai ya ɗaga shi ya sha iska, kina kallo launin yana juyawa har ya zama shuɗi. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagawa. Abin da ke faruwa, a cikin ramin nan da aka haɗa baba da toka aka bari ya tsima, shunin yana karɓar wasu 'yan ƙwayoyin lantarki, shi ya sa yake narkewa ya shiga zaren. Da ya fito, iska ta ƙwace su, sai ya koma shuɗi ya kama zane. Karɓa da bayarwa. Aikin batir ke nan gaba ɗaya: in ana caji ɓangare ɗaya ya karɓa, in ana amfani ya bayar, mu kuma mu sa waya a tsakani su bi ta cikin tocilarmu.

Akwai dangin sinadarai a tsirrai da ake kira kwinon, gwanaye ne a wannan karɓa da bayarwa. Liginin yana da irinsu a jikinsa. Kuma lallen da kike ƙunshi da shi, abin da ke sa hannu ya yi ja ɗin nan, shi ma kwinon ne, masu bincike sun gwada shi a batir. A 2012 wasu a Amurka, daga jami'ar Rice da wata kwaleji a birnin New York, sun yi da jan rinin da ake samu a saiwar wani tsiro da aka daɗe ana rina tufafi da shi. A Ostiriya, a jami'ar fasaha ta Graz, da sinadarin ƙamshin banila na kek suka yi.

Inda kika yi daidai kuwa, wuta ba ta bin jikinsu da kyau. Dole a cakuɗa su da garin gawayi mai yawa don ya zama hanya, wannan ya ƙara nauyi. Da yawansu kuma narkewa suke yi a ruwan batirin a hankali, kamar yadda lalle ke kodewa, ƙarfin ya yi ta raguwa. Nan gizo ke saƙar.

Maman Sadiƙ:
Ikon Allah. Ashe batir nake ɗaurawa a ƙafa ranar biki.

Autan Gida:
Anti to a sa waya a ƙafar amarya a yi caji mana.

Ɗan Makaranta:
Akwai wani abin dariya a nan. A 2014 jami'ar Harvard ta fitar da batirin kwinon, jaridu suka yi ta cewa batirin tsiron lambu, don sinadarin ya yi kama da wanda ke cikin wani tsiro da Turawa ke cin karansa. Alhali wanda suka yi aiki da shi daga ɗanyen man fetur aka samo shi.

Baban Ummi:
To wai ni na dankali fa? Yaran makarantarmu sun taɓa kunna ƙaramin ƙwai da dankalin Turawa a ranar baje kolin kimiyya. Wannan ai tsiro ne zalla.

Malamar Kimiyya:
Alhaji, ba dankalin ne ya ba da wutar ba. Ƙusa mai rufin tutiya da guntun jan ƙarfen da suka soka masa su ne batirin. Dankalin aikin jiƙaƙƙiyar takardar Baba kawai ya yi. In tutiyar ta cinye, ko buhu guda ka kawo ba za ka ga haske ba. Lemon tsami ma haka.

Mai Sola:
Bari in faɗi wata magana tsakani da Allah, tunda an zo nan. Baturan rimot ashirin da bakwai na Alhaji ba su ne abin da ke hana ni barci ba. Batirin inbata guda ɗaya mai amfiya 200 ya haura kilo hamsin, fiye da rabinsa dalma ce, ga ruwan asid. In ya mutu, mai gida ya kira 'yan jari bola su auna su biya shi. Wata rana na bi wani yaro da na sayar wa matattu guda huɗu don in karɓi cikon kuɗina. A bayan wani gareji na same su. Ya kifa batirin a bakin kwata, ruwan yana tsiyaya yana kumfa, ya sa adda ya fasa robar, yana zaro farantan da hannu ba safa. Can gefe wani yana narkawa a kan murhu, hayaƙi na bin gidajen mutane, ga mai awara a zaune da yara kewaye da ita. Na karɓi kuɗina na tafi, amma har yau abin yana raina, don ni na ɗaura baturan nan.

Wannan ba ruɓewa yake bukata ba. Ba wanda zai so batirin da ya saya da kuɗin gumi ya fara ruɓewa a ɗaki. So ake ya daɗe, in ya mutu a karɓe shi a narka a wurin da aka tanada. A Amurka kusan kashi 99 na batirin dalma ana mayar da shi masana'anta.

Ɗan Damagaram:
Gaskiya ne Malam. A Senegal, a wata unguwa ta Caroy a gefen Dakar, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008. Mutanen unguwar sun daɗe suna fasa baturan mota, daga baya mata suka riƙa tankaɗe ƙasar wurin suna tsintar dalma suna sayarwa, ƙurar ta cika ɗakuna, yara na rarrafe a ciki.

Autan Gida:
Irin abin da ya faru a Zamfara ke nan.

Malamar Kimiyya:
Gubar ɗaya ce, hanyar ce daban. Na Zamfara a 2010 daga dutsen zinare ne mai haɗe da dalma da ake niƙawa a cikin gidaje, a yankin Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka rasu. Ba batir ba ne. Amma jikin yaro bai san daga ina dalma ta fito ba, kuma wadda ba ta kashe ba tana taɓa ƙwaƙwalwa har abada.

Baba Mai Rediyo:
Allah ya jiƙansu. Mai Sola, ka daina sayar wa wannan yaron.

Mai Sola:
Na daina Baba. Amma wani yana sayar masa.

Manomin Kura:
Ɗan Makaranta, tambaya. Ka ce ana gasa itace ya zama gawayin batir. Dole sai itacen Turai? Mu nan ɓuntun shinkafa tsibi-tsibi yake a bayan injina, wani lokaci wuta ake cinna masa ya kwana yana hayaƙi. Ga ɓawon gyaɗa, ga totuwar masara.

Ɗan Makaranta:
Ba dole ba ne Baba. Batirin sodiyam, wanda mutane ke ce wa na gishiri, girafayit ba ya yi masa aiki da kyau, wannan gawayi mai tauri yake so, kuma da yawan wanda ake amfani da shi yanzu daga ƙoƙon kwakwa ake yin sa. An gwada ɓawon gyaɗa a jami'ar Alberta ta Kanada ya yi aiki. Ɓuntun shinkafa kuma yana da sinadarin yashi mai yawa a jikinsa, shi ya sa dabbobi ba sa son sa, kuma an nuna ana iya fitar da silikon na batir daga tokarsa. Wahalar ita ce tsabta da daidaito. Masana'anta tana so buhun yau ya zama daidai da na wata shida masu zuwa, ba ƙasa ba tsakuwa. Ga tanderun da zai riƙe digiri sama da 1,000 na awanni ba tare da iska ta shiga ba, wanda shi kansa wuta yake ci ba kaɗan ba.

Ɗan Damagaram:
Wato sai an samu wuta kafin a yi abin ajiye wuta. Mu da muka shekara hamsin ana haƙar yuraniyom a Arlit muna kwana a duhu, mun san yadda labarin yake ƙarewa. Za a zo a saye ɓuntun a farashin banza, a dawo mana da shi a kwali.

Manomin Kura:
Ko a farashin banzan ne su zo su kwashe, hayaƙin ya ishe mu.

Autan Gida:
To ni dai har yanzu ina kan bakana. Oga ya fara da cewa ƙarya ne, yanzu ya ce shi zai fara layi.

Mai Sola:
Ban ce ƙarya ne ba, cewa na yi kar a sa rai. Na takarda ya je ya yi aikin asibiti da kwalin magani, Allah ya ba da sa'a. Na liginin in ya girma ya zo ya same ni a shago, da garantin shekara biyar a rubuce.

Baban Ummi:
Na gode ƙwarai jama'a, na ƙaru. Na aika a duba ko za a samo ashirin da bakwai ɗin nan, an ce tuni mai kura ya kwashe. Malam na Kura ka yi haƙuri, wataƙila suna hanyar gonarka. Malama, waɗanda za su mutu nan gaba fa, ya zan yi da su?

Malamar Kimiyya:
Ka samu robar fenti mai murfi ka riƙa tarawa a inda rana da ruwa ba sa taɓawa. Kar a jefa su cikin sharar da za a ƙona, fashewa suke yi. Masu kama da maɓalli ka liƙe su da salatif fuska biyu, ka ɗaga su sama nesa da su Ummi, don in yaro ya haɗiye na litiyam ya maƙale a maƙogwaro, cikin awa biyu yana iya ƙona wurin, asibiti ake nufa kai tsaye ba a jira. Na tocila da rediyo kuma ka koma masu caji, guda ɗaya yana maye gurbin ɗaruruwa.

Ni kuma kun ba ni aiki. Ranar Litinin zan sa 'yan ajina su yi na takardar nan, da takardar tace, da gishiri, da bakin fensir, da guntun tutiya. Za mu auna bolt ɗinsa, sannan mu binne ɗaya a gindin famfo inda ƙasa ba ta bushewa, ɗaya a bayan aji inda rana ke duka, mu tono bayan wata guda.

Baba Mai Rediyo:
'Yata, in tutiyar kike nema kar ki saya. Akwai gwangwanayen Tiger Head cike da wata tsohuwar tukunya a shagona, ki turo yaro da leda. Ki ce masa ya zo kafin azahar, bayan nan ina masallaci.

Mai Sola:
Malama, na bayan ajin a kewaye shi da toka. Saboda gara.